Yadda lissafin kusurwa ke gano abin da aka ɓoye

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da manya da yara ke yi ranakun hutu, ana ce da shi jiyokashin. Kalmomi biyu aka haɗa aka yi sunan: ta farko ƙasa take nufi da harshen Girkawa, ta biyu kuwa duk wanda ya ji Faransanci ya san ta, ita ce maɓoya. Mutum ne zai sami ɗan akwati ko gwangwani mai murfi wanda ruwa ba ya shiga, ya sa ƙaramin littafi da alƙalami a ciki, wani lokaci har da ƴan kayan wasan yara, ya je ya ɓoye shi cikin kogon itace, ko bayan dutse, ko gindin gada. Sa'an nan ya sanar da jama'a lambobin wurin ta intanet, watau latitud da lonjitud. Wanda ya gano akwatin sai ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin, in ya ɗauki wani abu ya aje wani madadinsa, ya mai da akwatin inda ya same shi. Ba kuɗi ake ci ba, ba kuma lambar yabo.

Mai karatu yana iya cewa wannan ai shiriritar masu ƙoshi ce, ina ruwan manomin Madarunfa ko ma'aikacin Birnin Ƙonni da ita? Yana da gaskiya in da a nan wasan ya tsaya. To amma akwai wani reshe nasa inda mai ɓoyo ba ya faɗin lambobin wurin, sai ya ba da kacici-kacici na kusurwa da nisa, ya ce a warware. Lissafin da ake warware shi da shi kuwa, shi ne wanda ake auna gonaki da shi, ake zana taswira, ake tsai da iyakar ƙasa da ƙasa.

Asalin wasan

Na'urar GPS, wadda yau take cikin kusan kowace wayar hannu, tana sanin inda take ne ta hanyar saƙon taurarin ɗan adam masu yawo a nisan wajen kilometir 20200 daga doron ƙasa. Sojan Amurka ne suka kafa tsarin, kuma shekaru da dama da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren ya kan kai metir 100. A farkon watan Mayu na 2000 shugaba Bil Kilinton ya ba da umurni a daina, dare ɗaya kuskuren ya faɗo zuwa wajen metir 10. Ran 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada ya gani. Ya aje baƙin bokiti cikin daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, da littattafai da kaset da gwangwanin wake a ciki, ya ba da lambobin wurin. Ba a yi kwana uku ba aka gano shi. Yanzu akwatunan da aka ɓoye sun haura miliyan 3, a ƙasashe fiye da 190.

Amma ɓoyo da kwatance ya girmi na'ura. Tun 1854 wani jagoran baƙi mai suna James Perrott ya aje kwalba a tsaunukan Dartmoor na Ingila, domin wanda ya iso wurin ya bar katinsa. Wasan da ya fito daga nan, da busol da ƙidayar taki ake yin kwatancensa, kuma daga irinsa ne akwatunan kacici-kacici suka gaji halinsu. A ƙa'idar jiyokashin, lambobin da ake rubutawa a kan irin wannan akwati na bogi ne, sai dai ba su cika wuce kilometir 3 daga wurin gaskiya ba. Sauran aikin na alƙalami ne da takarda.

Ga kacici-kacicin

Ga misali wanda muka tsara da lambobi masu sauƙi, amma siffarsa ita ce ta waɗanda masu wasan ke ba juna. Mai ɓoyo ya ce: ka tsaya bakin gada, wadda take kan digiri 45 daidai arewa da digiri 5 daidai gabas, watau kudu maso gabashin Faransa. Daga gada akwai hasumiya a nisan metir 800, kan azimut 30. Akwatin yana kan azimut 80 daga gada, yana kuma kan azimut 140 daga hasumiya. Bai faɗi nisan akwatin ba, daga gada ko daga hasumiya. A ce kuma tsakani akwai gulbi da gonakin mutane, ba dama mutum ya miƙe santal yana ƙidayar taki.

Azimut shi ne fuskar da mutum ya dosa, a ƙidaye. An raba da'ira kashi 360, kowane kashi digiri ɗaya, ana farawa daga arewa ana juyawa kamar hannun agogo: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Kalmar daga Larabci ta shiga harsunan Turai. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu, domin alƙibla azimut ce: daga Yamai tana wajen digiri 72, shi ya sa mai salla ba gabas sak yake fuskanta ba, yana ɗan karkata arewa. Abu ɗaya kuma da ya kamata a riƙe: in daga gada hasumiya tana kan 30, to daga hasumiya gada tana kan 210, watau a ƙara 180, domin mutum ya juya baya ke nan.

Wanda bai yi nisa a lissafi ba yana iya farawa da zane. Ya ɗauki takarda da abin ja layi da ma'aunin kusurwa irin na ƴan makaranta, ya sa santimetir 1 ya tsaya matsayin metir 100, ya ja layin gada zuwa hasumiya, ya ja layukan nan biyu, inda suka gamu nan akwatin yake. Wannan hanya daidai ce, kuma muna ba kowa shawara ya fara da ita, domin ita ke hana mutum karɓar amsar da ba ta shiga hankali. Illarta ɗaya: kaurin bakin fensir kansa metir 5 ne a ƙasa, kuma rabin digiri na rawar hannu ya kan ƙara metir 7 ko 8. In kuskuren ya taru ya kai metir 20, filin da za a lalube ya wuce metir murabba'i 1200, ga ciyawa ga duwatsu, abin nema kuwa wani lokaci bai fi yatsa girma ba.

Tsani da bango

Gada da hasumiya da akwati sun yi alwatika, watau zane mai kusurwa uku. Kusurwar gada ita ce bambancin 80 da 30, digiri 50. Kusurwar hasumiya ita ce bambancin 210 da 140, digiri 70. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, su ɗebe 30 daga 140 su sami 110, alhali kuwa mai tsaye a hasumiya baya yake waiwaya ya ga gada. Kusurwoyin kowane alwatika in an tara su 180 suke bayarwa, saboda haka ta akwati 60 ce. Yanzu muna da kusurwa uku da gefe ɗaya, kuma wannan ya isa.

Sai mu san abu biyu, sinus da kosinus. Kada sunayen su tsorata kowa. A ɗauki tsani mai tsawon metir 1 a jingina shi da bango. Tsayin da kansa ya kai a bango shi ne sinus na kusurwar da ya yi da ƙasa, ratar da ke tsakanin gindinsa da bango kuwa ita ce kosinus. In tsanin ya kwanta sosai, sinus kaɗan ne kosinus da yawa. In ya miƙe, sai su yi musanya. A digiri 30 kan tsanin rabin metir yake kaiwa cif. Masana sun daɗe da lissafa waɗannan lambobi na kowace kusurwa, da can a tebur ake duba su a bayan littafin lissafi, yau kuwa ƙaramar na'urar lissafi ko wayar hannu tana bayarwa.

Sunan sinus yana da labari mai ban sha'awa ga mai jin Hausa. Masanan Hindu sun kira shi da kalmar tsirkiyar baka. Larabawa suka ara, kuma da yake ba a cika sa wasali a rubutunsu ba, sai masu fassara na Turai suka karanta ta jaib, watau lanƙwasar riga inda ake sa kaya, suka fassara da kalmar Latin sinus. Wannan jaib ita ce ta zama aljihu a bakinmu. Ashe wanda ke neman sinus, aljihun kusurwa yake lalube.

Ƙa'idar da za ta buɗe mana ƙofa ita ce wannan: a kowane alwatika, in an raba tsawon gefe da sinus na kusurwar da ke fuskantarsa, amsa ɗaya ake samu a duka gefe uku. Nasiruddin Tusi, masanin Farisa, ya rubuta ta filla-filla tun ƙarni na 13. Gefen da muka sani, metir 800, yana fuskantar kusurwar akwati, digiri 60, wadda sinus nata 0,8660 ne. In an raba 800 da 0,8660 za a sami 923,8. Gefen gada zuwa akwati yana fuskantar kusurwar hasumiya, digiri 70, mai sinus 0,9397. A ninka 923,8 da shi, metir 868. Gefen hasumiya zuwa akwati yana fuskantar digiri 50, mai sinus 0,7660, ya ba da metir 708. Nisan da mai ɓoyo ya ƙi faɗa ya fito, ba tare da an jiƙa ƙafa a gulbi ba.

Saura a mai da shi lambobin da na'ura ke ganewa. Tafiyar metir 868 kan azimut 80 daidai take da ƴar tafiya arewa, sa'an nan doguwar tafiya gabas. Tsaninmu ne ya dawo: layin arewa shi ne daɓen, tunda daga shi ake auna kusurwa, don haka kosinus ke ba da arewa, sinus ya ba da gabas. Kosinus na 80 shi ne 0,1736, ya ba da metir 150,7, a ce 151 arewa. Sinus na 80 shi ne 0,9848, ya ba da metir 855 gabas.

Mai hankali ba ya fita gida sai ya bi ta ɗaya hanyar ya gani ko za su gamu. Hasumiya tana metir 693 arewa da gada, da metir 400 gabas. Daga can azimut 140 saura digiri 40 ya kai kudu sak, don haka metir 708 ya kasu zuwa 542 kudu da 455 gabas. A ɗebe 542 daga 693, saura 151. A tara 400 da 455, 855. Hanya biyu, wuri ɗaya.

Kowane digiri minti 60 ne, kuma minti ɗaya na latitud wajen metir 1852 ne ko'ina a duniya. Raba 150,7 da 1852 ya ba da minti 0,081. Lonjitud kuwa ba haka yake ba. Layukansa kamar tsagar lemo suke: a tsakiyar duniya suna da rata, suna ta matsewa har su haɗu a ƙarshenta na arewa da na kudu. Dole a ninka 1852 da kosinus na latitud ɗin wurin. A digiri 45 kosinus 0,7071 ne, saboda haka minti ɗaya metir 1310 ne kawai, kuma 855 a raba da 1310 ya ba da 0,653. Akwatin yana digiri 45 da minti 0,081 arewa, digiri 5 da minti 0,653 gabas. Da yake duniya ba mulmulalliya ba ce sosai kamar ƙwallo, lissafi mai zurfi zai gusar da wurin metir 2 ko 3, wanda bai kai rawar da ita kanta na'urar ke yi ba.

Ramukan da ke kan hanya

Wanda ya manta da tsagar lemo, ya raba 855 da 1852, zai sami 0,462, na'ura kuma za ta tsai da shi metir 250 kafin akwatin. Zai wuni yana ɗaga duwatsun da ba su san komi ba. A nan ƙasarmu wannan mantuwa ba ta kai haka ciwo ba, domin Yamai da Maraɗi suna wajen digiri 13 da rabi, inda minti ɗaya na lonjitud ya kusa metir 1800, sai kuskuren ya tsaya wajen metir 24. Ko hakan, metir 24 a tsawon iyakar gona ya isa ya kai maƙwabta gaban alƙali.

Rami na biyu shi ne arewa ba ɗaya ba ce. Akwai arewar taswira, akwai wadda allurar busol ke nunawa, kuma ratar da ke tsakaninsu tana sakewa daga wuri zuwa wuri, daga shekara zuwa shekara. A kudancin Nijar a zamanin nan ba ta fi digiri ɗaya ko biyu ba. A Oregon inda wasan ya fara ta kusa digiri 15, wanda a kacici-kacicinmu zai kau da mai nema fiye da metir 220. Mai ɓoyon kirki yana faɗin wace arewa yake nufi. Wanda ya ƙi faɗa ba wayo ya yi ba, aikinsa ne bai cika ba.

Akwai kuma tarkon da ya shafi masu aiki da tsofaffin takardun Faransa. Masu zana taswira na can sun daɗe suna raba da'ira kashi 400 maimakon 360, suna kiran kowane kashi girad, kuma suna ƙidaya lonjitud daga Faris maimakon Girinic ta Ingila, bambancin digiri 2 da minti 20. Har yau na'urorin lissafi na makaranta suna da maɓallin girad. In an bar shi a kunne aka nemi sinus na 30, za a ga 0,454 maimakon rabi. Ma'aikaci ya saba da wannan ɗan gwaji kafin ya fara aiki, bai fi numfashi ɗaya ba.

Na ƙarshe, siffar alwatikan kanta. A namu, in an yi kuskuren digiri ɗaya a hasumiya, akwatin zai gusa metir 14. Amma in da layukan biyu sun gamu da tsukakkiyar kusurwa, a ce digiri 10, da wannan digiri ɗaya zai iya gusar da shi fiye da metir 500. Shi ya sa masu awon ƙasa ke neman tsayawa inda layukansu za su gicce juna sosai.

Inda ba wasa ba ne

Kuskuren digiri ɗaya metir 17 da rabi ne a kan kilometir ɗaya. A wasa, wannan ɓata yamma ɗaya ne. Tsakanin Agadas da Bilma kuwa akwai wajen kilometir 550 a miƙe, kuma digiri ɗaya a wannan nisa ya kusa kilometir 10, wanda ya isa ayari ya wuce rijiya bai gan ta ba. Madugan ayarin gishiri ba da tebur suke aiki ba, da taurari da rana da kwanciyar rairayi suke riƙe fuskarsu, amma matsalar da suke warwarewa ita ce wannan: fuska da nisa daga wurin da aka sani. Darajar itacen Tenere ke nan a wurinsu, wanda mota ta kaɓe a 1973, aka kawo gawarsa gidan tarihi na Yamai: wuri ne sananne a inda babu wani.

Shi kansa metir da muke ta ambato, ɗan alwatika ne. Daga 1792 zuwa 1798 masana biyu na Faransa, Delambre da Méchain, sun auna nisan Dankerk zuwa Barsalona, fiye da kilometir 1000, da sarƙar alwatika sama da 100, suna hawa hasumiyoyi da duwatsu suna auna kusurwa. Layi biyu kaɗai suka auna a ƙasa da sanda, kowanne wajen kilometir 12. Sauran duka ƙa'idar sinus ce ta ba su. Daga wannan awo aka yanke tsawon metir a 1799.

Ma'aikatan mulki kuma ba su manta da shari'ar iyaka tsakanin Nijar da Burkina Faso ba, wadda kotun duniya ta birnin Lahe ta yanke ran 16 ga Afrilu 2013. Abin da ke gaban alƙalai shi ne dokar gwamnan mulkin mallaka ta 1927 da gyaranta, da taswirar 1960, da wasu turakun awo irin na Tong-Tong da Tao, waɗanda aka tsai da wurinsu ta duban taurari. Kotun ta ce tsakanin waɗannan turaku biyu layi miƙaƙƙe ne iyaka. Ta wane gefen layin ƙauye ya faɗa, shi ke nuna inda zai biya haraji, da wace hukuma za ta gina masa makaranta da rijiya.

Malamin makaranta ko na ajin yaƙi da jahilci da ke son ɗalibansa su gani da idonsu, ba ya bukatar taurarin ɗan adam. Ya rage nisan kashi goma, ya kafa tuta biyu a fili da ratar metir 80 kan azimut 30, ya ɓoye gwangwani inda layin 80 da na 140 suka gamu. Ɗalibai su yi lissafi a allo, su fita da igiya: gwangwanin zai kasance metir 87 daga tuta ta farko, metir 71 daga ta biyu. Sai dai mai riƙe da busol ya nisanci keke da babur da rufin kwano, domin ƙarfe yana jan allurar.